Kwana Uku a Shagon Mustafa

Sadiya da Abba, wannan babin naku ne fiye da na kowa. Abin da na rubuta a baya, na zuwan kakanninmu Parakou da fataucin goro da shekarun karatuna, kowane dattijo a dangi zai iya ba ku shi, wataƙila ma ya fi ni gyara shi. Wannan kuwa, tun da kakarku Rabi ta rasu, ni kaɗai na rage wanda ya san cikinsa da wajensa. Kun girma a Djougou, gidan kakanku na uba yana Parakou, kuna zuwa ranar salla ku gaishe ni ku koma kafin rana ta faɗi. Na san kun taɓa tambayar uwarku dalili, na kuma san ba ta ba ku amsa ba, don Hadiza ba mai tona asirin manya ba ce. Idona ya yi rauni, hannuna yana rawa, amma gara ku ji daga bakina.

Mahaifinku Mustafa shi ne autan mazana. A hannuna ya sauke Alƙur'ani, ya kuma yi lakwal, wato boko, har ya kusa gamawa, amma zaman kasuwa bai taɓa karɓarsa ba. Hannunsa ne ke da kai. Tun yana ƙarami in rediyo ta mutu a unguwa gidanmu ake kawo ta, da waya ta zo kuma sai ya koma gyaran waya a wata 'yar rumfa a bakin titi. Bayan ya auri uwarku, wadda 'yar dangin Rabi ce ta Djougou, sai ya kama shago a Banikanni kusa da inda 'yan zem, wato masu haya da babur, ke tsayawa, ya jera tele, wato talabijin, guda huɗu da na'urorin wasan bidiyo, samari suna zuwa suna bugawa. Kafin ya buɗe sai da ya zo ya durƙusa a zaurena.

"Baba, ba caca ba ce. Wasa ne kamar dara, sai dai shi a allo ake yi."

"Lokacin salla fa?"

"Ina kashe kuran, wutar shagon gaba ɗaya. Wanda ya ga dama ya bi ni masallaci, wanda bai ga dama ba ya jira a waje."

Ban ce masa i ba, ban ce a'a ba. Na ce Allah ya sa alheri, da rabin baki. Ni na'ibin liman ne a masallacin unguwarmu, ni ke yin wa'azi kafin huɗuba ranar Juma'a, kuma a raina na fi son a ce ɗana yana sayar da atamfa ko kayan mota kamar 'ya'yan sa'o'ina. Amma alkawarin kuran ya cika shi. Ko sau ɗaya ba a kawo mini ƙarar cewa an kira salla shagonsa yana buɗe ba.

Akwai wani abu da ya ƙara yi, wanda a lokacin ban gane amfaninsa ba. In sabon wasa ya shigo hannunsa, sai ya buga shi tun daga farko har ƙarshe, sannan ya ɗauki muryarsa a waya yana bayani, Hausa da Faransanci a cakuɗe yadda matasa ke yi: wannan ya yi kyau, wannan an yi ha'inci a wurin, wannan kada ku ɓata lokacinku. Samari suna tura wa juna. Wata rana ɗan zem ya ɗauko ni daga kasuwa, sai na ji muryar ɗana tana fitowa daga aljihunsa tana cewa, "Jama'a salamu alaikum, Mustafa ne daga Banikanni." Yaron bai san wanda ya goya ba. Ya ce mini, "Baba, wannan mutumin in ya ce abu ya yi, to ya yi. Ba ya ƙarya." Na ji daɗi, amma ban taɓa gaya wa Mustafa ba.

A shekarar da nake ba ku labari, wasan da ya fi jan samari shi ne na 'yan fashin teku. Da damina ta yi nisa sai aka tare motar 'yan kasuwa a hanyar Pélébina, samari huɗu da adduna da bindigar toka, suka kwashe kaya, suka sari direba a kafaɗa. Kafin mako jandarmomi sun kama uku. Ɗaya daga cikinsu Nura ne, ɗan Alhaji Garba.

Sai kun san wane ne Alhaji Garba a wurina kafin ku gane sauran. Tare muka riƙe allo, kwano ɗaya muka ci tun ba mu san kanmu ba. Shi ya bi kasuwa ya yi arziki, ni na bi karatu, amma ba a taɓa yin suna ko jana'iza a gidan ɗayanmu ba sai ɗayan yana zaune a tabarmar gaba. Washegarin da aka kai Nura kaso ya shigo zaurena da hantsi, babu sallama, ya zauna a ƙasa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan.

"Malam Idi, ba haka na haifi yaron nan ba. Ka san gidana. Me ya rasa?"

"Sai haƙuri, Alhaji. Jarrabawa ce."

"A shagon ɗanka ya koyo. Kowa na faɗa. An ce akwai wasan da ake tare jirage a kashe mutane a kwashe dukiya, a kuma yi maka tafi. Wuni suke suna koyon fashi, mu muna nan muna cewa wasa ne."

Maganar ta zagaya unguwa kafin azahar. Iyaye da yawa dama suna da haushin shagon, don 'ya'yansu sun fi zama can fiye da gida, yanzu kuma sun sami abin kamawa. Bayan la'asar dattawan masallaci suka zauna. Wasu suka ce a rufe shagon ran nan. Liman, wanda tsufa ya riga ya kama, mutum ne mai tsoron zalunci, shi ya tsayar da su. Ya dube ni ya ce:

"Malam Idi, babu wanda ya ga abin nan a cikinmu, duk ji muka yi. Kai ne uba, kai ne mai wa'azi. Je ka gani da idonka. Ranar Juma'a ka tsaya ka gaya wa jama'a abin da ka gani."

Na karɓa. Har na ji wani alfahari a raina, cewa an yarda da adalcina ko a kan ɗan cikina.

Talata na fara zuwa, tsakanin azahar da la'asar. Mustafa ya sallami kowa, ya ja ƙofa, ya goge mini kujera da hannun rigarsa. Shagon yana warin roba mai zafi da ƙurar fanka. Ya kunna, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, riƙe da abin nan mai maɓallai da suke kira manet. Ni dai na zo da fuskar alƙali. Sai ga teku ya cika allon. Sau ɗaya na taɓa ganin teku a rayuwata, a Cotonou, ta tagar mota, tsakanin katanga da katanga. Wannan kuwa babu katanga. Ruwa ne kore shar a kusa, shuɗi a nesa, yana tashi yana sauka, ga jirgin katako mai manyan zannuwa da iska ta cika, ga tsuntsaye suna bin bayansa. Ma'aikatan jirgin suna jan igiya suna waƙa da wani harshe da ban sani ba. Na tambaye shi ina za mu. Ya ce duk inda na ga dama. Babu hanya ɗaya da aka shata, tsibirai ne birjik a taswira, kana iya zuwa wannan ka sayi sukari ka kai wancan ka sayar, kana iya kamun kifi, kana iya nutso ka nemi abin da ya nutse, kana iya yin tafiyarka kawai har rana ta faɗi a cikin allon.

"To ina fashin?" na ce.

Bai ɓoye mini ba. Ya juya jirgin ya nufi wani da ke tafe da kaya, ya sakar masa igwa, hayaƙi ya turnuƙe, suka haɗa gefe da gefe, mutanensa suka yi tsalle da takubba. Na ga ana sara, ana faɗuwa ruwa, babu mai tsayawa ya dubi gawa. Da aka gama sai kayan suka koma nasa, aka yi masa kiɗan nasara. Ya kai ni kuma wani gari na bakin teku, inda maza ke shan giya a fili, mata suna yawo da suturar da ba ta kai sutura ba. Na ce ya wuce wurin, ya wuce. Duk abin da Alhaji Garba ya ji, akwai shi. Na fita ran nan raina a ɓace.

Laraba ya miƙo mini manet ɗin.

"Baba, in ba ka riƙe da hannunka ba, ji ka yi kai ma."

Na ƙi, ya nace, na karɓa. Yatsuna da suka saba da alƙalami da carbi suka rikice. In na ce dama jirgin ya yi hagu. Hadari ya taso a allon, sama ta yi baƙi, igiyar ruwa ta ɗaga mu kamar ɓawon gyaɗa, Mustafa yana cewa, "Baba, fuskanci ruwan, kada ka ba shi gefe!" Ni kuwa na runtse ido na danna duk abin da yatsana ya samu, na kai jirgin na maka wa dutse. Muka nutse gaba ɗaya. Sai na ji ina dariya, dariyar da ta sa hulata ta faɗi, shi ma yana yi har da riƙe ciki. Rabon da mu yi dariya tare da shi tun yana ɗan shekara goma. Ya sake kunna mana, a karo na uku na fitar da jirgin daga hadarin, ruwa ya kwanta, na bar shi yana tafiya a hankali ban tare kowa ba. Na lura wasan bai tilasta mini ba. Jiragen kaya suna wucewa ta gefena, na bar su suka wuce, babu abin da ya same ni. Sai dai kuma na lura wanda ya yi fashi ya fi saurin samun babban jirgi, na gaya masa haka. Ya ce gaskiya ne, shi ma ya faɗi wannan a bayanin da ya ɗauka, ya kuma faɗi cewa bayan tsibiri na goma duk sun zama iri ɗaya, aikin sai maimaici.

Alhamis ya nuna mini ƙarshen labarin, don shi ya riga ya kai can. Shugaban jirgin nan da ake ta yi wa kiɗa, abokansa sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. An rataye wani, wani ya ci amanarsa, wani zazzaɓi ya kashe shi a tsibirin da babu kowa. Ya tara dukiyar da ya fita nema, ya koma garinsu ya tarar wadda ya bari ta mutu tuni. Mustafa yana fassara mini maganarsu daga Faransanci, muryarsa a ƙasa. Da allon ya yi duhu na ce a raina, wanda ya tsara wannan bai yi shi don ya yabi fashi ba, ko da yake ya ƙawata shi fiye da yadda ya kamata. Sannan na yi tambayar da ta kawo ni.

"Nura yana buga wannan?"

Ya ajiye manet ɗin.

"Baba, Nura bai taɓa taɓa shi ba. Ƙwallo kawai yake bugawa. Kuma wata biyu ke nan da na hana shi shigowa."

"Saboda me?"

"Ƙwayoyi yake sha. Ya fara kawo su nan yana ba yara. Na je wurin Alhaji sau biyu. Na farko ya ce zai duba. Na biyu ya ce in bar masa ɗansa, in je in ji da shagona."

"Wa ya san wannan?"

"Ni da Alhaji. Sai kai yanzu. Don Allah Baba, ba sai an faɗa a masallaci ba, mutumin nan yana cikin wani hali. Ka dai faɗi abin da ka gani a wasan, ya isa."

Ku lura da wannan, Sadiya da Abba. Ana shirin rushe masa sana'a, shi kuma yana roƙon a rufa wa wanda ya tayar da maganar asiri.

Da yammacin ran nan na zauna na rubuta abin da zan faɗa, da ajami, a takarda guda, gaba da baya. A gaba na rubuta aibin wasan: zubar da jini ba tare da nauyi ba, giya, tsiraici, ƙawata ɗaukar kayan mutane, da cin lokacin matashi. A baya na rubuta sauran: cewa wasan bai tilasta wa kowa fashi ba, cewa ƙarshen ɗan fashin hasara ce, cewa mai shagon yana rufewa lokacin salla yana kuma korar masu kawo ɓarna, cewa ban ga wata igiya da ta haɗa shagon da abin da ya faru a hanyar Pélébina ba, kuma iyaye su binciki abin da 'ya'yansu ke sha kafin abin da suke kallo. Ban sa sunan kowa ba. Na karanta wa Rabi tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam. Wannan shi ne daidai."

Ranar Juma'a masallaci ya cika har waje, har waɗanda ba a nan suke salla ba sun zo. Ina cire takalmi a bakin ƙofa sai na ji wani a bayana, ban waiwaya ba balle in san ko wane ne, yana cewa, "Yau za mu gani ko Malam zai wanke ɗansa." Wani ya amsa masa, "Ai jini ne." Maganar ta shige ni kamar ƙaya. Shekara talatin ina gina suna guda, cewa Malam Idi ba ya duban fuska. Na shiga na tarar da Alhaji Garba a sahun gaba, ya rame cikin mako ɗaya, idonsa a kaina kamar mai jiran magani. Na hango Mustafa can jikin ginshiƙi, ya sunkuyar da kai.

Na tsaya na karanta gaban takardar. Na karanta shi da kyau, na ƙara masa gishiri, na kawo abin da ya dace na tsoratarwa. Na ji masallaci yana amsawa, ana a'uzubillahi, ana girgiza kai. Da na zo ƙarshen shafin, yatsana yana gefen takardar zan juya, sai na ga Alhaji Garba yana share hawaye yana gyaɗa kai. Na san in na juya, kowa zai ce ga shi nan, ya fara wanke ɗansa, shi kuma Alhaji zai gane inda maganar shaye-shaye ta dosa. Na ce a raina zan faɗi sauran wata Juma'ar, in ƙura ta lafa. Na ninke takardar na sa aljihu, na yi addu'a na zauna.

Bayan salla mutane suka yi ta kama hannuna. Wani dattijo ya ce, "Malam, yau ka nuna kai na Allah ne, ko ɗanka ba ka bari ba." Na ji daɗin maganar. Wannan ma sai na rubuta, don haka ya faru.

Asabar babu wanda ya shiga shagon. Lahadi da rana wasu suka jefi ƙofar da duwatsu, tele ɗaya ta fashe. Litinin mai gidan ya ce yana son shagonsa, ba ya son fitina. Ko gyaran waya aka daina kawo masa, mata suna jan 'ya'yansu in sun hango shi. Ran nan Rabi ta ajiye mini sakwara a gabana, ba ta tafi ba, ta tsaya a kaina.

"Malam, na ji wa'azinka daga wajen mata. Ba shi ka karanta mini ranar Alhamis ba."

"Ban yi ƙarya ko ɗaya ba."

"Ba ka yi ƙarya ba. Takardar ka ninke."

"Zan faɗi sauran. Ki bari hankali ya kwanta."

"Hankalin wa? Yaron nan yana can yana ɗaure kayansa."

Ban ci abincin ba, amma ban kuma tashi na je wurinsa ba. Juma'ar da ta biyo baya na yi wa'azi a kan haƙƙin maƙwabci. Wadda ta biyo bayanta, a kan alwala.

Mustafa ya zo sallama da safe, motar da za ta kai su tana jira a waje, ke Sadiya kina goye a bayan uwarki. Ya durƙusa inda ya saba.

"Baba, za mu koma Djougou. Kawu ya ce akwai aikin sayen akaju, kashu ke nan, a ƙauyuka."

"Allah ya tsare. Ka riƙe salla."

"In sha Allahu." Ya ɗago kai. "Baba, abu ɗaya zan tambaya. Abin da ka faɗa ran nan, shi ke nan abin da ka gani?"

Ƙofa ce ya buɗe mini, na gane haka tun a lokacin. Amma akwai almajiraina manya biyu zaune a zauren, na ji nauyin su ga malaminsu yana ba ɗansa haƙuri.

"Abin da na faɗa na gani."

"To, Baba."

Bai ƙara ko kalma ba, ran nan ko bayansa. Da ya yi mini tsawa, da ya fi mini sauƙi.

A Djougou ya riƙa hawa moto, wato babur, yana shiga ƙauyukan Sérou a kan jar hanya, yana auna akaju yana kawo wa wani ɗan kasuwa, ranar kasuwa kuma ya shimfiɗa tebur ya gyara waya. Na'urorin ya sayar da su. Muryarsa ba ta sake fitowa daga aljihun kowa ba. Duk Juma'a yana kiran uwarsa, a ƙarshe ya ce a ba Baba, mu gaisa: ya aiki, ya iyali, ya ruwa, sai an jima. Da aka haife ka, Abba, ya aiko cewa sunana zai sa. Na je suna, ni na yi maka huɗuba da bakina. Bayan an watse muka zauna ni da shi a gindin mangwaron gidan kawunsa. Ya yi baƙi, ya rame, tafin hannunsa ya yi kanta. Na tattara ƙarfina na ce:

"Mustafa, maganar nan ta ranar Juma'a..."

"Baba, ya wuce. Sha kununka kada ya huce."

Na sha. Na gaya wa kaina ya yafe, ba sai an tayar da tsohon ciwo ba. Gaskiyar ita ce ya sauƙaƙa mini, ni kuma na karɓi sauƙin da hannu biyu.

Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka Hadiza ta kira da safe, ta ce Mustafa yana asibiti. Ciwon hanta ne, ya daɗe yana ɓoyewa, yana cewa gajiyar hanya ce, sai da idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Muka kama mota ni da Rabi. Mun same shi a gadon asibiti, cikinsa ya kumbura, yana buɗe ido yana rufewa, ba ya gane mai shigowa. Da azahar Rabi ta fita alwala, na matsa kusa da kunnensa na faɗa masa duka. Na ce takardar tana da baya, na ce na ga abin da ya gani, na ce tsoron bakin mutane ne ya hana ni, na ce ya yafe mini. Leɓɓansa sun motsa, amma ban san ko ya ji ba. Har yau ban sani ba. Washegari bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa. A Djougou muka binne shi.

Ba na cewa wa'azina ne ya kashe mahaifinku. Ajali na Allah ne, da yana Parakou ma da ya same shi. Abin da na ɗauke masa shi ne sana'ar da yake so, da mutuncinsa a unguwar da aka haife shi, da shekarunsa na ƙarshe da ya kamata ya yi kusa da uwarsa. Rabi ba ta taɓa faɗa mini haka ba. Ta dai daina zuwa masallacinmu ranar Juma'a, ta koma wani mai nisa, tana tafiya da ƙafa duk da ciwon gwiwa, har ta rasu.

Bayan uwarku ta fita takaba na koma Djougou na ce ta tattaro ku ku dawo gidana. Ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta yi magana a hankali.

"Baba, ina bayan labule ran nan a asibiti. Na ji abin da ka gaya masa. Shekara biyu yana jiran wannan maganar. Duk lokacin da kuka gaisa, in ya ajiye waya sai ya zauna shiru. Yara naka ne, duk salla zan turo su. Amma ka yi mini haƙuri, a nan za su tashi."

Ban yi mata musu ba. Kada ku taɓa riƙe ta da wannan.

Da na dawo Parakou sai na ga saura mutum ɗaya. Na je gidan Alhaji Garba da hantsi. A lokacin Nura ya fito daga kaso, an yi masa aure, yana zaune a shagon ubansa na kasuwa. Alhaji ya tarbe ni da murna, ya sake yi mini ta'aziyya, ya sa aka shimfiɗa darduma. Na ce masa na zo da magana mai nauyi. Na ce Nura bai taɓa buga wasan nan ba, shi ma ya sani, ni ma na sani tun kafin in tsaya a gaban jama'a, mu biyu muka bar yaron nan ya ɗauki kayan da ba nasa ba. Na shirya ya yi fushi, na shirya ya yi kuka, ko ya kore ni.

Ya dube ni da mamaki na gaskiya.

"Wane wasa ke nan, Malam?"

Na tuna masa. Ya ɗan yi tunani, sannan ya ɗaga hannu.

"Au, na jirgin ruwan nan? Kai, Malam Idi, har yanzu kana riƙe da wannan? Ai lokacin hankalinmu ne a tashe, kowa na faɗin abin da ya zo bakinsa. Allah dai ya ji ƙan yaron, yana da ladabi." Ya juya ya ƙwala kira cikin gida. "A kawo wa Malam ruwa mai sanyi!"

Aka kawo, na sha, na yi godiya. Ya raka ni har bakin titi yana ba ni labarin tsadar kaya a kan iyaka. Daga can ban wuce gida ba, na biya wurin Liman na ce ya nemi wanda zai riƙa wa'azin Juma'a, ni na gaji. Ya tambaye ni ko jiki ne. Na ce masa ba jiki ba ne. Ya daɗe yana kallona, bai sake tambaya ba. Tun ran nan ban ƙara tsayawa a gaban jama'a ba.